Daga Bakin Bahar: Zoben Kifi Da Idon Raga

A watan jiya mun yi alkawarin za mu ci gaba da maganar noman gaɓar kogi bayan ruwa ya janye, to amma sai ga wata wasiƙa ta shigo hannunmu wadda ta sa muka ɗage wancan zancen zuwa wani jiƙon. Mai wasiƙar ɗanmu ne, haifaffen wani ƙauye kusa da Sinja, jikan masunta, wanda yanzu yake aikin likita a ƙasar Ailan, can yamma da Ingila, inda likitocin Sudan suke da yawa. Ya haɗo mana da hoto. A cikin hoton akwai wani kifi mai ƙyalli kamar azurfa, kwance a kan ciyawa, an zura masa wani siririn zobe na roba mai launin shuɗi ta baki, an fito da shi ta kunne, watau wurin da kifi yake numfashi, an ƙulle. A jikin zoben akwai lamba.

Ya ce abokin aikinsa ne, wani Bature mai sha'awar fatsa, ya ɗauke shi zuwa bakin wani kogi ran Asabar a cikin watan Satumba. Da mutumin ya kama kifi na farko, bai ko tsaya shan ruwa ba sai da ya maƙala masa wannan zobe, sannan ya zaro wani ɗan littafi daga aljihu ya rubuta rana da sunan kogi da nauyin kifin da lambar zoben. Can da la'asar ya sake kama wani wanda ya fi na farko girma, amma shi wannan ko fito da shi daga ruwa bai yi ba. Ya durƙusa, ya jiƙa hannunsa, ya zare ƙugiya, ya tallafe kifin yana fuskantar inda ruwa yake gangarowa, har ya farfaɗo ya buga wutsiya ya yi gaba. Shi ma sai da ya shiga littafi. Ɗan namu ya rufe wasiƙarsa da tambaya: "Baba, tun ina yaro nake jin kakana yana cewa kifin Bahar yana ta ƙanƙancewa. Shin babu abin da za mu ɗauka daga wannan?"

Muka ɗauki hoton muka nufi kwata da hantsi, lokacin da jirage suka gama fitowa, muka nuna wa dattawa. Aka yi dariya har da riƙe ciki. Wani tsoho wanda ya haura shekara sittin yana su, kuma kowa Baba yake ce masa, ya juya hoton sama da ƙasa, ya ce, "Malam, yanzu mutum ya tashi da asuba, ya shiga ruwa, Allah ya ba shi rabonsa, sai ya ce a'a ya mayar? Wannan ai ƙoshi ne ya yi musu yawa." Mu ma mun yi dariyar. Amma da muka koma gida muka sake karanta wasiƙar, sai muka ga tambayar yaron ta fi ƙarfin dariya, saboda haka muka bi sawun al'amarin.

Kifin da ke cikin hoton sunansa samon, kuma yana da ɗan'uwa da ake kira tirawut. Rayuwar samon abin mamaki ce. Ana ƙyanƙyashe shi a cikin tsakuwar kogi mai sanyi, ya yi shekara ɗaya zuwa uku a nan, sannan ya gangara teku, ya yi tafiya mai nisa har wajejen Girinlan yana kiwo. In ya girma sai ya juyo, ya nemi ainihin kogin da aka haife shi, ya hau shi domin ya zuba ƙwai. Ke nan kowane kogi yana da garkensa, kuma ana iya ƙiyasta yawan wannan garke kamar yadda makiyayi yake sanin shanunsa. To garken ne yake ta raguwa. A watan Disamba na 2023 ƙungiyar duniya mai kula da halittun da ke fuskantar ƙarewa, watau IUCN, ta bayyana cewa samon na Tekun Atalantika ya ragu da kashi 23 cikin ɗari tsakanin 2006 da 2020. Dalilan sun haɗa da ɗumamar teku, da madatsun ruwa da suke tare masa hanya, da gurɓatar koguna, da ƙwarin da ke yaɗuwa daga gonakin kiwon kifi.

Mutanen Ailan sun fara tsarin zobe ne a 2001. Duk mai son kama samon, ko tirawut na teku wanda ya wuce santimita 40, sai ya yanki lasisi, a ba shi littafi da zobba masu lamba. Kowane kifi ya kashe sai ya sa masa zobe nan take. In jami'i ya same shi da kifin da ba shi da zobe, to ya karya doka, ko da kuwa yana da lasisi a aljihu. A shekarar 2023, alal misali, iyakar abin da mai fatsa ɗaya zai kai gida a shekara guda kifi goma ne, kuma a watan Satumba ɗaya tak a rana, abin da ya sa abokin ɗan namu ya saki na biyu ke nan. An kuma hana sayar da samon da aka kama da fatsa. A ƙarshen kaka kowa sai ya mayar da littafinsa da ragowar zobba ga hukuma, ko da bai kama komai ba. Da waɗannan littattafai, da na'urorin ƙirga kifi da aka kafa a wasu koguna, masana suke duba koguna fiye da 140 kowace shekara su raba su gida uku: wanda za a kama a ci, wanda za a kama a saki, da wanda za a rufe ɗungum. A kogin kama-ka-saki ba a yarda da tana a matsayin abincin ƙugiya ba, domin kifi yana haɗiye ta har ciki, kuma ƙugiyar sai wadda aka danne ɗan haƙorin nan nata mai hana ta fita. Daga 2007 kuma sun hana manyan ragogin da ake shimfiɗawa a teku suna tare kifin kafin ya iso bakin kogi, aka biya masu ragogin diyya.

Maƙwabtansu ma haka suke fama. A Ingila tun 1999 duk samon da aka kama da fatsa kafin 16 ga Yuni dole a sake shi. A Sukotilan tun 2016 ake raba koguna daraja uku, kuma a mai daraja ta uku ba a kashe ko ɗaya. A watan Yuni na 2024 ƙasar Norwe ta rufe koguna 33 a tsakiyar lokacin kamu, da ta ga kifin bai dawo kamar yadda aka saba ba. Binciken da aka yi ya nuna cewa mafi yawan kifin da aka saki cikin natsuwa yana rayuwa har ya zuba ƙwai, muddin ruwan da sanyi, kuma ba a daɗe da shi a waje ba, ba a kuma kama shi ta kunne ko da busasshen hannu mai goge yauƙin jikinsa ba. Domin adalci ga Baba, sai mu faɗa cewa ko a Turai akwai masu irin ra'ayinsa. Ƙasar Suwizalan ta hana mutum ya je fatsa da niyyar ya kama ya saki kawai domin nishaɗi, tana ganin wahalar da dabba ce ba dalili.

To yanzu mu dawo gida. Mai fatsar Ailan yana da albashi, kifi a wurinsa wasan ranar hutu ne. Masuncinmu kuwa kifin nan shi ne dawar gidansa, shi ne kuɗin maganin 'ya'yansa. Ba kuma kifi iri ɗaya muke kamawa ba da za a ce a bi shi da zobe. Akwai karfasa, wadda maƙwabtanmu Larabawa suke kira bulɗi, akwai tarwaɗa da ragon ruwa da ƙurungu da tsage da giwan ruwa, ga kawara wadda ake zubawa a gwangwani da gishiri a yi fasik. Wa zai sa wa kawara zobe ɗaya bayan ɗaya? Bugu da ƙari, mafi yawan kamunmu da raga ne. Kifin da ya kwana a raga da zare a kunnensa, kafin gari ya waye ya mutu ko ya kusa, in ka jefa shi ruwa ka ba tsuntsaye ne kawai. Duk wanda ya zo mana da tsarin Ailan yadda yake ya ce mu bi, za mu ce masa ya koma ya sake shiri.

Amma da muka cire roba da lamba muka ajiye gefe, abin da ya rage abu biyu ne. Na farko, a bar wani kifin ya tafi domin ya haifi na baɗi. Na biyu, a san adadin wanda aka fitar. Da muka koma kwata da wannan magana, Baba bai yi dariya ba. Ya sa aka ɗauko masa wata tsohuwar raga da ke rataye a rumfa, ya zura yatsunsa a idonta, huɗu suka shige. Ya ce da irin wannan ya koyi su a wurin mahaifinsa. Sannan ya miƙa hannu ya jawo ragar wani saurayi da ke shanya a kan jirgi, irin ta roba mai kama da gashin doki, wadda kifi ba ya ganinta a ruwa. Yatsa ɗaya ne ya shiga da ƙyar. Ya dube mu ya ce, "Ka gani, Malam? Mu ma muna saki. Su da hannu suke saki, mu raga ce take sakar mana." Watau ƙaramin kifi yana bi ta ido ya wuce ba tare da kowa ya taɓa shi ba, ya je ya girma, ya yi ƙwai sau ɗaya ko sau biyu kafin ya kai girman da raga za ta riƙe shi. Wannan ya ma fi na Turawan sauƙi ga kifin, tun da ba a huda bakinsa ba.

Idon ragar nan shi ne yake ta tsukewa, kuma kowa ya san yadda abin yake tafiya. Kifi ya ragu, sai ɗaya ya sayo mai ƙaramin ido ya cika jirgi. Maƙwabcinsa ya gani, ya ce ni ma ba zan koma gida hannu rabbana ba. Shekara ta zagayo manyan sun ƙara raguwa, sai a ƙara tsuke ido. Ƙarshen wannan hanya shi ne abin da muke gani yanzu a bakin tur'o'in Jazira da cikin fadamun da ambaliya take bari: gidan sauro, wanda aka raba kyauta domin a kare yara daga zazzaɓi, an ɗinke biyu ko uku ana ja da shi. Gidan sauro ba ya barin komai, har ƙwai da 'ya'yan kifi masu tsawon farce. Ana shanya su a tabarma a sayar da tiya, alhali kuwa kowane tiya ɗaya, da an bar shi wata shida, da ya cika kwanduna. Mafi muni shi ne masu zuba maganin ƙwarin auduga a ruwa su tsince abin da ya taso. Wannan kam ba su ba ne, kisan kai ne a hankali, domin ruwan da suka zuba wa guba shi mata suke ɗiba, shi awaki suke sha. Dokar kamun kifi ta ruwan daɗi, wadda aka kafa tun 1954, ta hana guba da nakiya, ta kuma ba hukuma ikon ƙayyade raga da yanka lasisi. Sai dai doka tana cikin takarda, jami'in da zai tsare ta kuwa ba shi da jirgi.

Akwai kuma wurin da sakin hannu irin na Turawan yake da amfani a gare mu, kuma ba ma yinsa. Wanda ya ɗana ƙugiyoyi ko gura, ko ya jefa birgi, kifinsa da rai yake fitowa. Tarwaɗa ma sai ta yi sa'o'i a waje ba ta mutu ba. Duk masunci ya san uwar karfasa a cikin bakinta take goyon ƙwai da 'ya'ya, in ka kama ta za ka ga ta tofar da su a cikin jirgi. Ɗaruruwa ne suke mutuwa a wannan tofi guda. Giwan ruwa kuma, manyan nan da ake taruwa a kwata ana kallo, galibinsu mata ne, kuma babba ɗaya tana ɗauke da miliyoyin ƙwai. Ba mu ce wanda Allah ya ba giwan ruwa ya mayar ba, mun san abin da take nufi ga gidan da ba a hura wuta jiya ba. Amma uwar karfasa mai cike da baki, da tarwaɗar da cikinta ya kumbura a farkon ambaliya tana neman ciyawa, da ɗan ragon ruwan da bai kai tafin hannu ba, waɗannan ba za su sa mutum ya yi arziki yau ba.

Kada wani ya ce wannan baƙon abu ne. Kakanninmu da suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, suka biyo ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har suka kafa garin Mai Wurno kudu da Sinnar a wajen 1906, da waɗanda suka biyo hanyar hajji daga baya suka zauna, akwai masunta a cikinsu, kuma sun zo da sana'arsu da ladubbanta. A ƙasar Kabi har yau akwai Sarkin Ruwa, kuma bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo sifarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda kuma UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, ba ya yiwuwa sai don an hana kamu a ruwan Matan Fada kafin ranar. Manyan kifayen da ake fitowa da su a gaban sarakuna, hanin nan ne ya rene su. Dattawanmu na nan ma suna tuna lokacin da ba a shiga wata fadama sai shugaban masunta ya ce a shiga, kuma duk wanda ya yi gaban kansa sai a karɓe ragarsa a rataye ta a bainar jama'a. Kunyar wannan ta fi tara zafi. Mu ne muka bari abin ya sukurkuce, muna cewa zamani ya canja.

Zamanin kuwa ya canja, har kogin kansa. Madatsar Sinnar, wadda aka gama a 1925 domin shayar da Jazira, da ta Rusairis ta 1966, su ne suka haifar da tafkunan da yawancin masuntanmu suke ci daga gare su. A 2013 aka gama ƙara wa ta Rusairis tsawon mita goma, tafkin ya ninka fiye da biyu, ƙauyuka da yawa aka tashe su zuwa sababbin garuruwa, wuraren da aka sani na su suka nutse, wasu suka fito. Sannan ga babbar madatsar Habasha kusa da iyakarmu, wadda aka fara ginawa a 2011, aka fara cika ta a 2020, aka buɗe ta a watan Satumba na 2025, mai ɗaukar ruwa har kubik mita biliyan 74. Bahar Azrak da muka gada kogi ne mai fushi wata uku, ya yi jajawur da laka, sannan ya kwanta sauran shekara. Da wannan fushin kifinmu ya san lokacin haihuwa, shi yake kai tarwaɗa cikin dazuzzukan bagaruwa da fadamu inda 'ya'yanta suke samun mafaka. Madatsa irin wannan aikinta ta riƙe ruwan damina ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara, ta kuma riƙe laka. Ruwa mai haske yana yi wa wani kifin daɗi, yana kuma cutar wani. Wanne zai ƙaru a wurinmu, wanne zai ɓace? In ka tambayi masunta goma za ka sami amsa goma, kowa da abin da ya gani a ragarsa ta jiya.

A kan wannan sai ga yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023. Wad Madani ta faɗi a Disamba na wannan shekara, ba a karɓo ta ba sai Janairu na 2025. Sinja ta faɗi a ƙarshen Yuni na 2024, aka karɓo ta a Nuwamba. A tsakanin nan mutane da yawa da ba su taɓa riƙe raga ba suka faɗa ruwa, domin gona ta gagara, albashi ya tsaya, hanyoyin kasuwa sun toshe. Malamin makaranta, direba, ɗan tireda, kowa ya nemi abin da zai sa a tukunya, kuma kogin ya ciyar da su. Ba mu da bakin zargin kowa a kan haka. Mu da muke rubutun nan mun ci kifin gidan sauro a waɗannan watanni, kuma mun gode Allah da muka samu. Amma abin da aka yi cikin larura, in ba a tsaya an dube shi ba, shi ke zama al'ada.

Nan ne littafin aljihun Baturen nan ya fi zoben burge mu. Shi in ya ce kifi ya ragu, yana da abin nunawa: ga na bara, ga na bana. Mu kuwa sai dai mu ce "da can", kuma tun kakan likitan nan ake cewa da can. Me zai hana kowace kwata ta sami littafi guda na makaranta, da ɗalibi ɗaya da zai zauna da safe ya rubuta jirage nawa suka fita, kwando nawa suka dawo da shi, wane iri ne, da kuma tsawon babba da ƙarami cikin kwandon farko? Ba sikeli ake bukata ba, sanda mai zane ta isa. In aka yi haka shekara uku a Mai Wurno da Sinja da Suki da Rusairis, to ranar da za a zauna da jami'an kifi ko injiniyoyin madatsa a yi maganar lokacin buɗe ƙofofi, masunci zai shiga da hujja a hannu. Mun san abin da wasu za su ce, cewa littafi ƙofar haraji ce, yau ka rubuta kwandunanka gobe mai karɓar kuɗi ya zo da lissafinka. Tsoron nan yana da tushe. Shi ya sa muke ganin littafin ya zauna a hannun shugaban masunta, kuma a rubuta jimlar kwata, kada a rubuta sunan kowa.

An taɓa gwada makamancin wannan a tsakanin 'yan'uwanmu. A tafkin Kainji na Nijeriya, a shekarun 1990, wani shiri na haɗin gwiwa da ƙasar Jamus ya riƙa ƙirga jirage da ragogi da abin da ake kamawa, kuma ƙirgar ta nuna irin ɓarnar da babbar ragar ja mai ƙaramin ido take yi wa 'ya'yan kifi. Aka hana ta, aka shigo da lasisi, aka kuma sa sarakunan gargajiya da shugabannin masunta cikin aikin tsarewa. Abin lura a nan shi ne sai da aka ƙirga tukuna aka hana, kuma da bakin mutanen ruwan aka yi hanin.

Akwai wata magana mai nauyi da ba za mu tsallake ba. Ruwan nan ba namu ba ne mu kaɗai. Funj da Hamaj da Barta da Larabawa da sauran jama'a duk suna sha suna su a cikinsa. Babu wanda ya manta da abin da ya faru a Rusairis a watan Yuli na 2022 da Wad al-Mahi a Oktoba na wannan shekara, inda aka rasa ɗaruruwan rayuka, dubbai suka bar gidajensu, kuma maganar ƙasa da sarauta ce ta kunna wutar. Saboda haka in muka ce a farfaɗo da ikon shugaban masunta, muna nufin ikonsa a kan 'ya'yansa da ragoginsu. Rufe wata fadama a lokacin ƙwai kuwa, ko ƙayyade ido ga kowa da kowa, wannan sai an zauna da dattawan kowane ɓangare da jami'an hukuma an yi shi tare. In ɓangare ɗaya ya saki kifi ɗayan yana tsincewa a ƙasa da shi, ba za a yi wata biyu ba kowa zai koma gidan jiya, a kuma ƙara da gaba.

Sai masu saye. Zoben Ailan yana aiki ne domin kifin da ba shi da shi ba ya shiga kasuwa. Namu zoben yana hannun iyayenmu mata masu suya da banda, da dillalan da suke loda busasshen kifi, wanda ake kira kajek, suna kai wa ma'aikatan gona a sansanonin Jazira. Ranar da suka haɗa baki suka ce ba sa sayen karfasar da ba ta kai tafin hannu ba, ranar mai ƙaramar raga zai fara tunani. Mun yi wannan magana da wata Hajiya mai suya a bakin kasuwa, ta ce, "Malam, ni ma na fi son manya, sun fi riba. Amma in na ƙi, ta kusa da ni za ta saya." Gaskiyarta. Ciwon da ke cikin jirgi shi ne a bakin kasko.

Ga abin da muka rubuta wa likita. Mun ce masa kada ya aiko mana da zobe. Mutumin da yake ja da gidan sauro ba don mugunta yake yi ba, ba shi da kuɗin raga ne, kuma in ka karɓe gidan sauron ba ka ba shi komai ba ka kashe gidansa. In shi da abokansa da ke Ailan da Saudiyya da sauran wurare suna son su taimaka, su haɗa kuɗi a sayi ragogi masu faɗin ido, a ajiye a wurin shugaban masunta, wanda ya kawo gidan sauro ko ragar yatsa ɗaya ya karɓi sabuwa. Su kuma ɗauki nauyin ɗan abin da za a riƙa ba ɗalibin da zai riƙe littafi. Watannin farko za su yi wuya, domin mai faɗin ido ba ta cika jirgi nan da nan, kuma gara a faɗa wa mutane haka tun yanzu.

Da muka karanta wa Baba amsar kafin mu aika, ya ce mu ƙara abu ɗaya: a fara rabon kafin ruwa ya yi ja a watan Yuli, domin in aka bari ambaliya ta shiga fadamu, an makara sai baɗi. Ya kuma yarda a fara littafin a kwatarsu, jikarsa da ke aji shida ita za ta riƙa rubutawa. Duk kwatar da take son ta shiga, shugabanta ya aiko mana ta hannun mai raba wannan mujalla a garinsu, za mu aika da littafi da sandar awo, kuma za mu buga jimlar wata ukun farko a wannan shafi in Allah ya kai mu.